Tattalin Zafi Ya Fi Ƙarin Wuta

 Duk wanda ya taɓa kai hannu kusa da salansar mota bayan doguwar tafiya, ko ya tsaya a bayan janareta yana aiki, ya san irin hucin da ke fita daga cikinsu. To, wannan huci kuɗi ne ke bin iska, domin man da aka saya da tsada shi ne ya ƙone ya zama zafin. Injin fetur na mota, a tafiyarsa ta yau da kullum, abin da ya ke mayarwa aiki bai cika wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na zafin mansa ba, sauran kuwa salansa da lagireto ne ke zubar da shi a sarari.

A wannan makon za mu duba wani inji wanda tun ran da aka ƙago shi, yau fiye da shekara 200 ke nan, aka gina shi bisa tunanin hana zafi tserewa. Shi ne injin iska mai zafi da a ke kira injin Stirling. Abin da za mu fi mai da hankali a kai kuwa shi ne wani ɗan sashe nasa da ba ya motsi, ba ya ƙara, wanda a nan za mu kira shi rumbun zafi, da kuma irin wahalar da injiniyoyi su ke sha wajen kyautata shi. A kan wannan ɗan sashe ne ribar injin ko asararsa ta rataya.

YADDA INJIN KE AIKI

Kowa ya sani iska in ta ɗauki zafi takan kumbura, in ta huce ta tsuke. Direbobi shaida ne, domin taya takan ƙara tauri bayan an yi gudu da ita a kan kwalta da tsakar rana. Injin Stirling silinda ce rufaffiya ruf, da iska a cikinta wadda ba ta fita, ba a kuma ƙara mata wata. Ana hura wa gefe ɗaya wuta daga waje, ɗaya gefen kuma ana sanyaya shi da ruwa ko da iskar sarari. A ciki akwai fistan biyu. Na farko shi ne fistan kora, wanda aikinsa kawai ya kora iskar nan daga gefen sanyi zuwa gefen zafi, sa'an nan ya sake koro ta. Na biyu shi ne fistan aiki. In iska ta taru a gefen zafi sai ta kumbura ta ingiza shi waje, in ta koma gefen sanyi sai ta tsuke ya dawo ciki. Wannan shiga da fita ita ce ke juya ƙafar injin.

Da ya ke wutar a waje ta ke, babu fashewar mai a cikin silinda, babu fulogi, babu bawul, saboda haka injin ba shi da hayaniya. Kuma ba ya zaɓen abinci. Itace, ko gawayi, ko kananzir, ko gas, ko ɓuntun shinkafa, ko hasken rana da aka tattara da madubi, duk wanda ya samu zai yi aiki da shi.

Amma akwai wurin da gizo ke saƙa. A kowane zagaye sai an ɗumama iskar nan daga sanyi zuwa zafi, a kuma hutar da ita daga zafi zuwa sanyi. In babu wata dabara, zafin da wuta ta sha wahala ta zuba mata, ruwan sanyaya ne zai kwashe shi ya tafi da shi, sa'an nan a zagaye na gaba wuta ta sake biya daga farko. Ya zama ɗiban ruwa da kwando ke nan.

Maganin wannan shi ne a sa wani abu mai ƙananan ƙofofi barkatai, kamar tarin ragar waya, a kan hanyar da iskar ke bi. In iska mai zafi ta nufi gefen sanyi, sai ta riƙa ajiye zafinta a jikin wayoyin, falle bayan falle, har ta fita ta huce. In ta juyo, sai ta bi tana karɓar ajiyarta, ta isa gefen wuta ta riga ta yi zafi. Bakin rumbun da ke kusa da wuta kullum da zafi ya ke, wanda ke kusa da ruwa kullum da sanyi, tsakaninsu kuma zafin yana sauka daki-daki kamar matakala.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin wanda ya san hunturu. Mai rawani in ya ja amawali ya rufe baki da hanci da asuba, numfashin da ya fitar yakan ɗumama ƙyallen, iskar da ya shaƙa kuma ta ɗauki ɗumin ta koma masa da shi. Hancin raƙumi ma haka ya ke. A 1981 masanin halittun dabbobi Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa sun nuna cewa lunguna da saƙo-saƙon cikin hancin raƙumi suna ƙwace zafi da laima daga numfashin da zai fita, abin da ke taimakonsa jure ƙishirwa.

LIMAMIN DA YA ƘAGO RUMBUN

Robert Stirling mutumin Sikotland ne, an haife shi a 1790, ya rasu a 1878. Limamin coci ne, a wannan aiki ya ƙare rayuwarsa. A 1816, bai wuce shekara 26 ba, ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 4081. Babban abin da takardar ta sa gaba shi ne rage cin makamashi, kuma sunan da ya ba rumbun nasa ma'anarsa mai tattali. Ya bayyana cewa za a iya amfani da shi a tandunan narka gilashi da wasu masana'antu, sa'an nan ya kawo injin iska a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da zai yi aiki. A 1818 aka ƙera wani mai ƙarfin doki 2 ya riƙa jan ruwa a wani wurin fasa dutse a yankin Ayrshire.

Ƙanensa James Stirling injiniya ne, su biyun kuma suka ci gaba da gyara. Suka gane cewa in an cusa iska da yawa cikin injin, watau aka ƙara mata matsi, ƙarfinsa zai ƙaru ba tare da an ƙara masa girma ba. A 1843 suka kafa wani babba a wata masana'antar narka ƙarfe a garin Dundee, ya karɓi aikin injin tururi, ya riƙa juya na'urorin wurin duka. Sai dai ƙarfen wancan zamani bai iya jure wuta dare da rana ba. Sau uku gindin tukunyar zafin yana tsagewa cikin shekara huɗu, a 1847 masu masana'antar suka haƙura suka koma ga tururi. Da tsufansa, a 1876, Robert Stirling ya rubuta cewa da irin ƙarfen da Bessemer ya fito da shi ya samu tun a wancan lokaci, da injin iska ya yi nasara ƙwarai.

Rumbun kansa bai mutu da injin Dundee ba. 'Yan'uwan nan Siemens sun gina tandu a kan wannan tunani a 1856, Edward Cowper kuma a 1857 ya fito da hasumiyar tubali mai ɗumama iskar da a ke hura wa tandun narka tama. Har gobe masana'antun ƙarfe da na gilashi suna aiki da irin waɗannan rumbuna na tubali.

Akwai kuma wanda ya ɗora wa rumbun nauyin da ya fi ƙarfinsa. John Ericsson, ɗan Suwidin da ya zauna a Amurka, ya ɗauka cewa in rumbu ya yi kyau za a riƙa juya zafi ɗaya ana ta aiki da shi, wuta kuwa sai 'yar kaɗan don cike gurbin abin da ya tsiyaye. A 1853 ya fito da wani jirgin ruwa mai injin iska irin nasa, da silinda huɗu na aiki, faɗin kowace ƙafa 14, da rumbuna na ragar waya. Jirgin ya yi tafiya, amma ba shi da saurin da zai yi gasa da jiragen tururi. A 1854 guguwa ta nutsar da shi, da aka tsamo shi kuma sai aka sa masa injin tururi. Abin da ya kuɓuce wa Ericsson shi ne, zafin da ya zama aiki ya tafi ke nan, ba ya komawa rumbu, dole wuta ta biya shi sabo a kowane zagaye.

LISSAFIN RIBA DA ASARA

A 1824, watau shekara takwas bayan takardar Stirling, wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ya nuna cewa kowane injin zafi yana da iyakar da ba zai ƙetare ba, kuma abin da ke yanke iyakar shi ne tazarar da ke tsakanin zafin gefen wuta da na gefen sanyi. Abin sha'awa ga injin Stirling shi ne, a takarda, in rumbunsa ba shi da aibi ko kaɗan, zai iya taɓa wannan iyaka.

Bari mu yi lissafi mu gani. Mu ɗauki inji na takarda, wanda ba shi da yoyo ko gogayya, mai aiki da iskar da mu ke shaƙa. Gefen wuta digiri 627, gefen sanyi digiri 27, kuma ana matse iskar zuwa rabin girmanta. Domin sauƙi mu auna zafi da mudu, kowane mudu ya tsaya a madadin abin da masana ke kira kilojul ɗaya. A kowane zagaye, bisa kowane kilo na iska, wuta za ta ba da kimanin mudu 180 yayin da iskar ke kumbura. Daga ciki mudu 120 zai zama aiki, mudu 60 ya bi ruwan sanyaya. Riba ta zama kashi 67 cikin ɗari ke nan, ita ce kuma iyakar Carnot ga wannan tazara.

To, amma ɗaga zafin iskar daga digiri 27 zuwa 627 shi kaɗai yana cin mudu 430, fiye da ninki biyu na abin da wuta ke bayarwa don aiki. Wannan shi ne kayan da rumbu ke karɓa ya mayar. In babu rumbu sam, wuta za ta biya 180 da 430, watau 610, domin a sami aikin mudu 120, riba ta faɗo zuwa kashi 20. In rumbun rabin ajiyar ya ke mayarwa, riba kashi 30 ce. In yana mayar da kashi 90, wuta za ta cika mudu 43, riba ta kai kashi 54. In ya kai kashi 98, riba ta doshi kashi 64.

Mai karatu ya lura, wuta ɗaya ce, silinda ɗaya, iska ɗaya, amma bambancin rumbu kaɗai ya ninka riba fiye da sau uku. Haka kuma ɗan ƙarin da ke tsakanin 90 da 98, wanda a ido ba wani abu ba ne, ya kawo kashi 10 na riba. A injuna na gaskiya ma, inda matsin bai cika kai ninki biyu ba, nauyin da ke kan rumbu ya fi haka yawa in an gwada shi da na wuta. Shi ya sa injiniyoyi ke kwana a kan neman ƙarin kashi ɗaya tak.

TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Mai karatu zai ce, to, me zai hana a cusa waya da yawa a huta? Abin da ya hana shi ne, ana neman abu huɗu a wurin rumbu, kuma kowanne yana karo da ɗan'uwansa.

Na farko, ya karɓi zafi ya kuma bayar da gaggawa. Injin da ke juyi 1,500 a minti yana zagaye 25 a daƙiƙa, iska kuma tana ratsa rumbu sau 50. A cikin kashi ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa a ke so ta sauke zafin digiri ɗari biyar ko shida, a cikin abin da tsawonsa sau da yawa bai kai ɗan yatsa ba. Wannan ba ya yiwuwa sai da fuska mai yawa da iska za ta shafa. In aka rage kaurin waya da rabi, nauyin ƙarfe yana nan yadda ya ke, fuskar takan ninka biyu. Kuma lalle ƙarfen ya kasance yana da cikin ɗaukar zafi fiye da iskar nesa ba kusa ba, don kada ya ƙoshi tun iskar ba ta gama wucewa ba.

Na biyu, kada ya toshe hanya. Duk matar da ta yi tankaɗe ta san rariya mai ƙananan idanu ta fi jan lokaci. Iyakar ƙanƙantar ƙofofi, iyakar ƙarfin da fistan zai kashe wajen tura iska ta cikinsu, wannan ƙarfi kuwa daga aikin injin a ke cire shi. Ana iya samun rumbun da ke mayar da kashi 99 amma ya shaƙe injin har ya kasa juya kansa.

Na uku, kada ya zama maɓoyar iska. Iskar da ta maƙale cikin ƙofofin rumbu ba ta isa gefen wuta ta kumbura sosai, ba ta kuma isa gefen sanyi ta tsuke sosai. Tana nan kamar katifa, tana shanye bugun da ya kamata ya sauka a kan fistan. Babban rumbu yana da yawan irin wannan mataccen sarari, saboda haka yana rage ƙarfin inji.

Na huɗu, kada ya zama gadar da zafi zai bi ya tsallaka. Baki ɗaya na rumbu yana kusa da wuta, ɗaya kusa da ruwa, zafi kuwa kullum neman gangara ya ke ta jikin ƙarfe. Abin da ya bi ta nan ya tafi a banza, ko inji yana juyi ko yana tsaye.

Yanzu a duba yadda su ke cin karo. A ƙara wa rumbu tsawo, na ɗaya da na huɗu su gyaru, na biyu da na uku su ɓaci. A ƙara masa faɗi, iska ta sami sarari, amma gadar zafi ta ƙara faɗi, mataccen sarari ya ƙaru. A sirantar da waya, musayar zafi ta yi kyau, hanya ta ƙuntata. Don haka babu rumbu guda da ya fi kowane kyau a ko'ina. Akwai dai wanda ya dace da saurin wani inji, da matsinsa, da irin iskar da ke cikinsa.

DABARUN DA AKA GANO

Bayan injunan fetur da na lantarki sun ture injin iska a farkon ƙarni na 20, kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya tono shi wajen 1938, yana neman ƙaramin janareta marar ƙara da zai kunna rediyo a wuraren da babu lantarki. Injiniyoyinsa suka tarar tsofaffin injunan iska ribarsu ba ta wuce wajen kashi 1 ba, da yawansu ma ba su da rumbun kirki. A 1951 suka kammala wani janareta mai ba da wat 200, aka ƙera kimanin 150, sai rediyo mai taransisto ya fito wanda ɗan batir ya ishe shi, kasuwar ta mutu. Amma binciken ya ci gaba, har ribar injunansu ta wuce kashi 30. Yawancin dabarun da a ke bi yau daga wannan zamani suka samo tushe.

Dabara ta farko ita ce jera fallayen raga ɗaya bisa ɗaya, a gicciye da hanyar iska. Zafi yana yaɗuwa cikin sauƙi a faɗin kowane falle, amma da ƙyar ya ke tsallakawa zuwa na gaba, domin a 'yan wurare kaɗan su ke taɓa juna. Wani ƙaramin janareta mai suna GPU-3 da kamfanin General Motors ya ƙera wa sojan Amurka a shekarun 1960 yana da ƙananan rumbuna takwas, tsawon kowane bai kai santimita biyu da rabi ba, amma an jera fallayen raga fiye da 300 a ciki. Kaurin wayar kashi 4 cikin ɗari na milimita ne, ta fi yawancin gashin kai siranta, kuma kimanin kashi 70 na cikin rumbun sarari ne.

Ta biyu ita ce zaɓen ƙarfe. Jan ƙarfe ya fi saurin ɗaukar zafi, amma shi ne mafi munin gada, domin yana wuce da zafi kusan ninki 25 na ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Saboda haka marar tsatsan aka fi so, ga shi kuma yana jure wuta.

Ta uku ita ce sauya iskar kanta. Hiliyam yana ɗaukar zafi ya bayar wajen ninki shida na iskar da mu ke shaƙa, haidirojin wajen ninki bakwai, kuma haidirojin ya fi silalewa ta ƙananan ƙofofi. Da su a ke iya amfani da raga mai laushi ba tare da an shaƙe inji ba. A manyan injuna akan matsa su har ninki 150 na matsin iskar sarari, alhali tayar ƙaramar mota ninki biyu da ɗoriya kawai a ke ƙara mata. Kowannensu da nasa aibi: hiliyam yana da tsada, haidirojin kuma yana kama wuta, yana kuma sulalewa ta jikin ƙarfe mai zafi.

Ta huɗu ita ce kula da gefe da baki. In aka bar 'yar tazara tsakanin raga da bangon da ke riƙe da ita, iska za ta bar wahala ta bi ta nan, ta isa gefen sanyi da zafinta. Haka nan in ta shigo da ƙarfi ta wuri ɗaya, sashe ɗaya na rumbu zai yi ta aiki sauran na hutu. Don haka akan gasa fallayen su manne da juna, a cusa su dam cikin mazauninsu, a kuma gyara bakin yadda iska za ta bazu daidai.

Ta biyar ita ce sauya siffa. Jera ɗaruruwan fallaye aiki ne mai tsada, don haka wasu suka koma ga zaren ƙarfe da aka cakuɗa aka danne kamar auduga, wanda sararinsa kan kai kashi 90. Yana da araha, sai dai zaren yakan gutsure ya shiga inda ba a so. Wasu kuma suka koma ga siraran fallayen ƙarfe da aka jera a tsaye bisa hanyar iska, ta riƙa bi ta tsakaninsu sumul. A shekarun 2000 cibiyar Glenn ta hukumar NASA, tare da Jami'ar Jihar Cleveland da wasu kamfanoni, ta gwada irin wannan, gwajin kuma ya nuna ya fi cakuɗaɗɗen zare in an auna musayar zafi da toshewar hanya tare. Wahalarsa ita ce ƙira, domin in tazarar fallayen ta bambanta ko da kaɗan, iska za ta zaɓi mafi faɗi ta bar sauran.

Daga ƙarshe akwai tsabta. Man shafawa in ya kai ga rumbu yakan ƙone ya toshe ƙofofin. A 1964 William Beale na Jami'ar Ohio ya ƙago nau'in da fistansa ke lilo shi kaɗai ba tare da sandar juyi ba, ana iya rufe shi ruf babu ɗigon mai. A 2018 cibiyar Glenn ta sanar cewa wani irinsa ya yi awa 110,000 yana aiki, fiye da shekara 12 ke nan, ba a taɓa buɗe shi don gyara ba.

INA AKA KWANA?

A 1986 wani injin Stirling na gwaji da aka sa wa mota ƙirar Chevrolet a Amurka ya kai ribar kashi 38 da rabi, amma bai shiga kasuwa ba, domin ƙarfen da ke jure irin wannan zafi da matsi yana da tsada. Ranar 31 ga Janairu, 2008, a jihar New Mexico, wani babban faifan madubi mai injin Stirling a tsakiyarsa ya mayar da kashi 31.25 na hasken rana lantarki, abin da ya zama bajinta a lokacin. Duk da haka kamfanin da ya ƙera shi ya durƙushe a 2011, saboda farashin farantan sola ya faɗi warwas, su kuma ba su da abin da ke motsi balle ya lalace.

Inda injin ya kafu shi ne inda shirunsa da juriyarsa suka fi kuɗinsa muhimmanci. Jiragen yaƙin Suwidin masu tafiya ƙarƙashin teku, samfurin Gotland da suka fara aiki a 1996, da shi su ke yin makonni ba su leƙo sama ba. A watan Maris na 2018 NASA ta gwada shi a Nevada haɗe da ƙaramin tandun nukiliya, da nufin samar da lantarki a duniyar wata ko Mars.

Mu a nan, wanda ke neman hasken gida da rana, farantin sola ya fi masa sauƙi. Inda ya kamata masu bincikenmu su duba shi ne abin ƙonawa da a ke zubarwa. A farkon shekarun 1980 an gwada wani inji mai ƙarfin doki 5 a Bangladesh, wanda ke cin ɓuntun shinkafa yana juya injin casa. Wanda ya ga tsibin ɓuntu a bayan injunan casa a Kano ko Kebbi ya san ba mu rasa irin wannan makamashi ba. Injin irin wannan da iskar sarari zai yi aiki, ba hiliyam, saboda haka rumbunsa zai bukaci ƙofofi masu ɗan faɗi da juyi a hankali. Aiki ne da kwalejojin fasaha za su iya sa hannu a kai.

Ga ɗalibai kuwa, gani ya kori ji. Da gwangwani biyu, da balan-balan, da waya, da kyandir, ana haɗa ƙaramin injin Stirling. A yi fistan kora da soson ƙarfe na wanke tukunya, irin wanda ba ya tsatsa, domin shi kansa ya zama rumbu. A ƙirga juyin da ya ke yi a minti, sa'an nan a sauya yawan soson a sake ƙirgawa, wuta ɗaya, ruwa ɗaya. In soson ya yi kaɗan, gefen sanyi zai yi saurin ɗumama, juyi ya ragu. In an danna shi da yawa, injin zai yi nauyi ko ya tsaya. Tsakanin biyun akwai inda ya fi gudu, wanda ya gano wurin kuwa ya taɓa matsalar da ta sha kan manyan injiniyoyi da hannunsa. Kada a sa mai a ciki, gogen bakin fensir ya isa. Kada kuma a yi gangancin matsa iska ko wasa da haidirojin a gida.

Sa'an nan a yi hattara da masu tallan injin da wai ba ya shan mai, ba ya bukatar rana ko wuta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rumbu mafi kyau a duniya abin da aka ba shi ajiya kaɗai ya ke mayarwa, mudu 180 ɗin nan kuwa sai an biya shi a kowane zagaye.

A mako mai zuwa za mu ga abin da ke faruwa in aka juya wannan inji da lantarki maimakon a hura masa wuta, yadda ya ke rikiɗa ya zama na'urar sanyi mai mayar da iska ruwa, da irin rumbun da wannan aiki ke bukata. Mu kwana nan.